Hasumiyar da ke Zauren Dabo

Tudun Marke, ta Kunci,
12 ga Nuwamba, 1984.

Zuwa ga taubashina Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin tashar jirgin ruwa da cinkoson Legas. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna Kulu ta ɗan saki, yarana biyu suna nan ƙalau sai rama. Damina kuwa ba sai na ba ka labari ba, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye.

Amma ba yunwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ka san gonar Baba ta bakin marke, wadda ya ba Dabo ɗan wansa aro shekara bakwai da suka wuce. Tun da Baba ya rasu, mijina Mati ya bi shi, nake ce wa Dabo ya sakar min ita in noma wa marayuna, kullum sai ya ce baɗi. To a watan Agusta masu dashen itatuwa suka zo garin nan da jami'insu, wani mutumin kudu da ba ya jin Hausa sai sannu. Dabo ne tafinta, tunda shi ne ya je Landan. Kafin labari ya iso gare ni an jera darbejiya sittin a gonar ubana. Kai ma ka sani, ba a dasa itace a gonar aro. Wanda ya dasa, cewa yake gonar tasa ce.

Na yafa mayafi na je har gaban jami'in, ga dagaci ga dattawa. Na ce gonar nan ta ubana ce, aro ce, ban yarda ba, Allah ya isa. Dabo ya juya ya zuba masa Turanci. Sai na ga mutumin ya washe baki, ya ɗan rusuna min, ya ce, "Thank you, madam." Uwaisu, aji huɗu kawai na yi a firamare, amma wannan kam na san ta. Ina Allah ya isa, ana yi min godiya. Ya rubuta sunan Dabo a littafinsa ya shiga mota. Dagaci ya ce in tafi gida, wanda ya ga Landan da idonsa ya fi ni sanin dokar gwamnati. Malam Basiru, wanda a gabansa aka yi aron, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

An ce jami'in zai dawo farkon damina ya ƙirga itatuwan da suka rayu, ya ba Dabo takarda da hatimi. In aka ba shi, gona ta tafi ke nan. Saboda haka Turanci nake so ka koya min kafin ruwa ya sauka. Ba gwaninta nake nema ba. Wanda zai ishe ni in tsaya da bakina in kunyata Dabo a inda ya kunyata ni, shi kawai nake so. Kada ka ce in yi haƙuri, duk gari sun riga ka.

Ɗanliti direban motar shanu zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

Taubashiyarka,
Barira Iliyasu.

Apapa, Legas,
9 ga Disamba, 1984.

Zuwa ga Barira,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗin jin Inna Kulu ta sami sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai nan ɗin ma ba daɗi. Sabulu da madara sai an yi layi tun safe, soja na tsaye da bulala, in ka kai gaba a ce sun ƙare.

Wato yau ke ce mai neman Turanci. Ke da kika ɓuya a rumbu ranar da malam ya ce za ki yi karatu a gaban aji. Na yi dariya har abokin aikina ya tambaye ni ko lafiya. Amma abin da Dabo ya yi bai kyauta ba, kuma ban ce ki yi haƙuri ba, tunda kin hana.

Ga takardar ƙorafi na rubuta da Turanci, ki kai ofishin masu dashen a Kunci. Ga kuma jimla biyu ki haddace: "This is my father's farm. Dabo borrowed it." Wato gonar ubana ce, Dabo aro ya yi. Littafi kuwa guda ɗaya gare ni, wanda na yi makarantar yamma da shi. Kowane darasi bayanin wani babban birni ne na duniya, da hotonsa. Ɗinkinsa ya kwance, don haka zan riƙa aiko miki bibbiyu, bayan na bi kowace kalma da fensir na sa miki yadda ake faɗinta da ma'anarta. Ga bangon farko, ga Alƙahira da Tokiyo, ki fara da su.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki nemi gonarki, ki bar mutuncin Dabo a inda yake. Gona daban, mutum daban.

Naki,
Uwaisu.

Tudun Marke,
17 ga Fabrairu, 1985.

Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Inna Kulu ma tana gaishe ka. Ƙaramin yarona ya yi ƙyanda amma ya tashi. Jar dawar taimako muke ci yanzu, tuwonta ko kaji sai sun yi shawara.

Takardarka na kai ta Kunci da ƙafata ranar kasuwa. Akawun ya karɓa, ya ce duk takardar ƙauye sai ta bi ta hannun wakilinsu na ƙauyen. Ka san ko wane ne wakilin. Bayan kwana uku Dabo ya wuce ta ƙofar gidana yana fifita da ita, ya ce a gaishe ka, rubutunka ya yi kyau.

Jimlolinka biyu na haddace su har akuyata ta gaji da ji. Amma na yi tunani. In na faɗe su jami'in ya mayar min da magana, wa za a kira ya fassara? Dabo. In ya ce ƙarya nake, wa dagaci zai gaskata? Wanda ya je Landan. Ka ce gona daban mutum daban, to a garin nan Landan ɗin ce take riƙe masa gonar.

Littafinka kuwa, Allah ya saka da alheri. Yanzu na san river, na san bridge, a garin da sai an ƙulla igiya biyu guga ke taɓa ruwa. Na san mutanen Tokiyo suna shiga jirgi a ƙarƙashin ƙasa kamar gara. Ina surfen mutane ina cewa old city, big market, tall building, har Hure maƙwabciyata ta kawo min hayaƙi, wai ko iska ce ta taɓa ni. Na duba kaf ban ga yadda ake ce wa maci amana ba.

Darasi biyun da Ɗanliti ya kawo makon jiya, Bambai da Faris, su ne dalilin wannan takarda. Lambar shafi ta yi tsalle daga ashirin zuwa ashirin da bakwai, kuma a jerin da ke bangon farko Landan ce a tsakanin. Ina take? Sai kuma hoton Faris. Wata hasumiyar ƙarfe ce mai ƙafa huɗu a buɗe, ta tafi tana tsukewa har sama, ka rubuta min tower a ƙasanta. Uwaisu, shekara takwas hoton hasumiyar nan yana rataye a zauren Dabo cikin gilashi. Babu yaro babu babba da bai ji yadda ya hau ta a Landan ba, har ƙoli, wai daga can ya hango gidan Sarauniya. Jiya na je da sunan aron rariya, na tsaya na kalle ta da kyau. Ita ce, har ƙafafun.

Ka faɗa min gaskiya, hasumiyar nan guda biyu ce?

Barira.

Apapa,
20 ga Maris, 1985.

Barira,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. A gurguje nake rubutu, Ɗanliti ya riga ya tada mota.

Ba zan yi miki ƙarya a kan wannan ba. Hasumiyar guda ɗaya ce a duniya, kuma a Faris take, ƙasar Faransa. Shafin Landan kuwa ya ɓace min tun da daɗewa.

Maganar tafiyar Dabo, babu mai rai da ya fi ni sanin inda ya je. Ranar faɗinta tana zuwa. Ki riƙe ta a cikinki tukuna, kada ki faɗa wa kowa, ko Hure. Ga darasin Istanbul da na Rum.

Naki,
Uwaisu.

Tudun Marke,
14 ga Afrilu, 1985.

Taubashina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya sai zafi, rijiyar unguwa ta ƙafe, sai ta bakin kasuwa. Kullum da hantsi Dabo yana kora jaki da tuluna zuwa gonar ubana yana shayar da darbejiya, ni kuwa yarana sai su kwana biyu ba wanka. In na gan shi sai in ji kamar in kama da wuta.

Na gane maganarka sarai. Ka ce ranar faɗinta tana zuwa, ai ni ma ranar nake jira, ranar da jami'i zai dawo. Na riƙe ta, ko Inna Kulu ban faɗa wa ba. Ashe kai ma ka daɗe da sanin bai je ko'ina ba, kana ta yi min wa'azin mutunci. Na yafe maka, tunda kai ka miƙo min sandar.

Shafin Faris yana cikin kwallata, a ƙarƙashin zanen aurena. Na haɗa tambayata da kaina daga kalmomin littafin: "This tower, which city?" In akwai gyara ka gyara min. A gaban dagaci zan yi ta, a gindin marken nan, inda aka yi min godiya.

Barira.

Tudun Marke,
27 ga Yuni, 1985.

Uwaisu,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Shiru tun Afrilu, ba kai ba Ɗanliti, sai a wasu direbobi na ji wai motarsa ce ta lalace a hanya. Wannan ta gidan waya zan sa ta, don ba za ta iya jira ba. Kowa lafiya. An yi ruwan shuka ran Lahadi.

Ran Talata jami'in ya zo. Aka taru a gindin marke, aka ƙirga, darbejiya arba'in da ɗaya suka rayu. Ya fito da takarda da hatimi. Ni kuwa na matso na ce, "Good morning, sir." Kowa ya juyo yana kallona.

Na juya wajen dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, baƙon nan ya san tafintansa ya je Landan kuwa? Ai ya kamata a nuna masa hoton, ya san garinmu ba na ƙauyawa ba ne."

Dagaci ya ji daɗin maganar, ya ce a ɗauko. Dabo ya ce, "A bar shi, ranka ya daɗe, rana tana yi." Dagaci ya ce ina, sai an ɗauko. Da aka kawo hoton, dagaci da kansa ya riƙe, yana nuna ƙolin da yatsa yana cewa, "Landan, Dabo, Landan."

Na ce, "Sir, this tower, which city?"

Mutumin ya leƙa ya ce, "Paris. France."

Na ce, "London?"

Ya yi dariya ya ce, "No, no. Paris."

Sai na zaro shafina na ɗora kusa da gilashin, kowa ya matso ya gani. Wannan ba ta nemi tafinta ba. Duk wanda ya taɓa kai shanu Damagaram ya san Faransa Turawan can ne, ba namu ba. Jami'in ya juya ya tambayi Dabo wani abu mai Landan a ciki, har sau biyu. Hure ce ta fara dariya daga bayan mata, sai wurin ya ɗauka.

Nan na faɗi jimlolinka biyu, ban yi tuntuɓe ba. Jami'in bai ko kalli Dabo ba, ya kira direbansa daga mota, wani Banufe mai jin harsunan biyu, wanda bara ko tambayarsa ba a yi ba. Aka ce wa ya shaida aron. Malam Basiru, da ya yi wata goma yana jan carbi, nan take ya tuna komai, har ranar da aka yi da kalar rigar Baba. Dagaci ya ce shi ma dama yana da shakka. Aka soke sunan Dabo aka sa nawa, ni na faɗi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Gona ta dawo, da darbejiya arba'in da ɗaya da ya sha wahalar shayarwa duk rani.

Dabo bai yi faɗa ba. Ya karɓi hotonsa ya goge gilashin da hannun riga, ya zo ya tsaya yana duban shafin da ke hannuna. Ya ce, "Wannan fensir ɗin rubutun Uwaisu ne." Na ce, "Shi ne. Shi ya aiko min, shi ya tabbatar min." Ya daɗe yana kallon rubutun, ya ce, "Uwaisu," ya gyaɗa kai ya tafi.

Yanzu Dabo Faris ake ce masa, ko majalisa ya daina fitowa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Jiya na shuka gero.

Taubashiyarka,
Barira.

Apapa,
6 ga Mayu, 1985.

Barira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta Afrilu ta iso, ta tada min hankali. Ba abin da nake nufi ke nan ba. Don girman Allah kada ki fito da shafin nan a gaban mutane. Ki karanta wannan har ƙarshe.

A shekarar 1976 Dabo ya zo Legas neman aiki, ya sauka a ɗakina. Satin da aka ɗauke ni aikin tashar, na ari babur ɗin wani don murna, ban iya sosai ba, ba ni da lasin, na goya Dabo. Na buge wata mata mai sayar da ayaba a bakin titi, ƙafarta ta karye. Kafin 'yan sanda su iso Dabo ya ce in koma baya, shi ba shi da aikin da zai rasa. Ya ce musu shi ne matuƙi. Wata tara aka ɗaure shi. Turancin da yake yi muku taƙama da shi, rabinsa a can ya koya.

Ni na rubuto gida na ce an tura shi kwas Landan. Ranar da ya fito, ni na saya masa hoton a wajen masu kasa kaya a bakin titi, don ya sami abin nunawa. A lokacin ni ma ban san Landan da Faris ba, mai sayarwar ya ce ƙasar Turawa ce, na karɓa. Na cire miki shafin Landan don kada ki kama shi da tambaya, na manta sam da kamannin hoton. Baba Iliyasu kaɗai na faɗa wa gaskiya. Shi ne ya ba Dabo aron gonar don ya sami abin tsayawa a kai. Wannan ne ya sa ban cika zuwa gida ba. Ba na iya zama a zauren nan.

Ban ce gonar tasa ce ba. Taki ce. Zan ɗauki hutu da an gama azumi an sha ruwa, in zo in same shi mu biyu, in karɓo miki ita ba tare da kowa ya ji ba. Ni ba zai hana ni ba. Ki ba ni wannan lokacin kawai.

Ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Uwaisu.

Tudun Marke,
9 ga Yuli, 1985.

Uwaisu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Muna lafiya. Gero ya fito, na yi noman farko.

Wasiƙarka ta shida ga Mayu sai shekaranjiya ta iso. Motar Ɗanliti ta yi wata biyu a Jebba ana neman kayan gyara, ita kuwa tana cikin aljihun motar. Na karanta ta sau uku. Ban ƙona ta ba.

Ban yi kuka ba, kuma ban mayar da gona ba. Aro aka ba shi ya so ya cinye, ya mai da Allah ya isata godiya a gaban gari. Wata taran da ya yi ba don ni ya yi ba, ba da gonar marayuna za a share masa hawaye ba. Ko da wasiƙar ta zo a kan lokaci, ban san ko zan fasa ba. Ka ce za ka zo da an sha ruwa. An sha ruwa, an yi Sallah, jami'i ya zo da hatiminsa, ban gan ka ba. Da kai na jira, da yanzu sunan Dabo ne a takardar.

Amma yanzu na san abin da na gani a fuskarsa ranar. Magana ɗaya ce a bakinsa, da ya faɗe ta da dariyar nan ta koma kanka. Ya ga rubutunka a hannuna, ya haɗiye ta. Har yau bai faɗa ba. Ana ce masa maƙaryaci a kasuwa, matarsa ta daina zuwa biki, alhali ƙaryar taka ce, kai ka saye ta a bakin titi ka rataya masa. Ka ce in bar mutuncinsa a inda yake. Ai a jikinka yake, shekara tara kana yawo da shi a Legas.

Haushin da nake ji bai ƙare ba, Uwaisu, gida ya sauya. Na ba ka daga nan zuwa Babbar Sallah. Ka zo ka tsaya a ƙofar masallaci bayan an idar, ka faɗa da bakinka wa ya tuƙa babur ɗin. In ba ka zo ba, wasiƙarka da Hausa take, ba ta neman tafinta. A gindin marke zan karanta ta, ka kuwa san yanzu ba na ɓuya a rumbu.

Ka taho da shafin Landan da ka ce ya ɓace. Ba ni ke so ba. Dabo za ka ba, ya ga garin da ya zauna wata tara dominka.

Barira Iliyasu,
mai gonar bakin marke.